Daga Panipat Zuwa Delhi Ta Ɓarauniyar Hanya

Panipat gari ne a jihar Haryana ta ƙasar Indiya, kimanin kilomita 90 arewa da Delhi, a kan tsohuwar babbar hanyar nan da ta miƙe zuwa Punjab har bakin iyakar Pakistan. Masu karatun tarihi sun san shi da manyan yaƙe-yaƙe uku, na 1526 da 1556 da 1761. A na farkon ne Babur ya ci Ibrahim Lodi da yaƙi ya kafa daular Mughal, kuma kabarin Lodi yana nan cikin garin, yara na wasa a gefensa. Mu 'yan kasuwa kuwa da saƙa muka san shi. Bargo, darduma, labule, zanin gado, tabarmar ƙofa, duk lungun da ka shiga ƙarar masaƙa ce. Can ne ma ake jibge gwanjon Turai da Amurka da ya gaji da sawa, mata su ware shi launi-launi, inji ya yayyaga shi ya mayar da shi zare, a saƙa bargo mai araha da shi.

Sarin kaya ya kai ni a watan Fabrairun 2016, lokacin da dala ta doshi naira 400 a Wapa, kowane ɗan kasuwa yana lissafi da yatsu kafin ya taɓa komai. Sanyi ya fara sauki amma da asuba sai da rigar sanyi. Tun a hanyarmu daga Delhi dillalina, wani mutum mai son zance, ya ambata cewa wata al'umma da ake kira Jat sun fara tare hanyoyi a wajen Rohtak, wani gari a jihar. Ya faɗi maganar kamar mai ba da labarin ruwan sama a wani gari. Ya ce sun saba, za su zauna a kan titin jirgin ƙasa su sha shisharsu, gwamnati ta yi musu alkawari, kowa ya kama gabansa.

Ranar Juma'a 19 ga wata lamarin ya sauya. Mun dawo daga masallaci kusa da hubbaren Bu Ali Shah Qalandar muka tarar da mutane sun yi cirko-cirko gaban talabijin ɗin masauki. Rohtak na ci da wuta. An banka wa gidan ministan kuɗi na jihar, Kyaftin Abhimanyu, wuta, shi kansa kuwa Jat ne. An ƙone shaguna da motoci da ofisoshin 'yan sanda, an sa dokar hana fita, an kira soja. Washegari muka ji cewa da jirage masu saukar ungulu aka sauke sojojin a Rohtak, domin babu hanyar ƙasa da ta rage a buɗe. Daga nan wutar ta yi ta tsalle, Jhajjar, Bhiwani, Jind, Hisar, Gohana, Sonipat. Sonipat kuwa ita ce tsakaninmu da Delhi. Jiragen ƙasa suka tsaya, babbar hanya ta rufe, sannan aka yanke intanet na waya. Na samu na kira gida na ce musu lafiya lau nake, kada kowa ya gaya wa Hajiya komai.

Masaukin namu ya cika maƙil da waɗanda hanya ta yanke wa. Akwai 'yan ɗaurin aure da suka taso daga Ludhiana da ango da kayan lefe, amarya na jira a Delhi. Akwai wani dattijo mai ciwon ƙoda da ake kai wa wankin jini. An shimfiɗa katifu har a zauren cin abinci. Madara ta yanke, a ƙasar da shayi ba ya shayi sai da madara, kayan miya suka yi tsada, gidajen mai suka rufe. Masaƙu da yawa sun kashe inji, ma'aikatansu kuwa, yawancinsu 'yan ci-rani daga jihohin Bihar da Uttar Pradesh, sai ranar da suka yi aiki suke samun kuɗi. Na gan su tsugune a bakin ƙofofin masana'antu, sun lulluɓa da irin bargon da suke saƙawa.

Ni tambayata ɗaya ce: su wane ne waɗannan Jat, me aka hana su? A zatona wasu talakawa ne da aka danne har tura ta kai bango. Mai masaukin ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi Bapunjabe ne, kakanninsa sun tsallako daga ɓangaren Pakistan a rabon ƙasa na 1947 ba su da ko tsinke. Ya ce, "Haji sahab, gonar da ka gani dama da hagu tun daga Delhi, tasu ce. Tarakta tasu, ɓauna tasu, 'yan sanda rabi 'ya'yansu ne. Yawancin shekarun da jihar nan ta yi, nasu ne ke kan kujera." Ya lissafo mini Bansi Lal da Devi Lal da Om Prakash Chautala da Bhupinder Singh Hooda, dukkansu sun riƙe kujerar babban minista, wato shugaban gwamnatin jihar, dukkansu Jat. Su ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Haryana. Abin da suke nema shi ne gwamnati ta rubuta su a jerin al'ummomin da aka bari a baya.

Sai da ya zaunar da ni da takarda da biro kafin na gane. A Indiya mutum yana gadon ajinsa ne daga haihuwa, kuma ajin ya daɗe yana yanke masa sana'ar da zai yi, da wadda zai aura, har da rijiyar da zai ɗebi ruwa. Mu ma mun san sana'ar gado, mun san gidan da zai yi jinkirin ba wa ɗan mahauta ko ɗan wanzamai 'yarsa, amma ɗan mahaucinmu yana shiga sahu ɗaya da basarake, su ci a kwano ɗaya. A can akwai waɗanda aka ɗauki taɓa jikinsu ƙazanta ne, su ne Dalit. Tsarin mulkin 1950, wanda Dokta B. R. Ambedkar, shi kansa Dalit, ya jagoranci rubutawa, ya haramta wannan ƙyama, aka kuma ware musu gurabe. A ayyukan gwamnatin tarayya da manyan makarantunta, Dalit na da kashi 15 cikin 100, ƙabilun daji da tsaunuka na da kashi 7.5. Daga baya aka kafa kwamitin Mandal a 1979, ya ba da shawarar a ware kashi 27 ga wasu al'ummomi na tsakiya da su ma suke baya, waɗanda ake ce wa OBC. Rahoton ya sha ƙura shekara goma har Firaminista V. P. Singh ya aiwatar da shi a 1990, ɗalibai 'yan manyan aji suka yi bore, wasu har suka cinna wa kansu wuta. A 1992 Kotun Ƙoli ta amince da tsarin, amma ta ce jimillar kason kada ta wuce rabi, kuma 'ya'yan masu hali daga cikin OBC ba sa ciki.

Wannan kashi 27 ɗin Jat suke so su shiga. Kuma sun taɓa ɗanɗanawa. A watan Maris na 2014, ana jajibirin zaɓe, gwamnatin jam'iyyar Congress ta saka su a jerin. Shekara guda bayan haka, a Maris na 2015, Kotun Ƙoli ta soke, ta ce ba a kawo hujjar cewa suna baya ba. A tsakanin nan kuma jam'iyyar BJP ta ci zaɓen jihar a Oktoban 2014 ta naɗa Manohar Lal Khattar, Bapunjabe, babban minista na farko da ba Jat ba cikin shekara 18. Kaso ya suɓuce, kujera ta suɓuce. Ga kuma wani ɗan majalisa daga Kurukshetra, Raj Kumar Saini, yana yawo yana cewa OBC ba za su raba tuwonsu da kowa ba. Mutanen Haryana suna da wata magana cewa jiharsu ta dangogi 36 ce. A kwanakin nan sai aka koma cewa 35 a gefe guda, ɗaya a gefe guda. Shi ya sa a Rohtak wutar ba ta ci da ka ba, an riƙa tsallake wani shago a ƙone na kusa da shi. Mai masaukin yana da ɗan'uwa mai shagon kayan zaƙi a can, duk bayan 'yan mintoci sai ya latsa waya ya kara a kunne, ya ajiye.

Ranar Lahadi da yamma aka sanar cewa ministan cikin gida Rajnath Singh ya gana da shugabannin Jat a Delhi, an yi alkawarin kai ƙudurin doka majalisar jihar. Amma babbar hanya ba ta buɗe ba, ni kuwa ranar tashin jirgina ta matso. Dillalina ya nemo mini wani direba Musulmi ɗan Kairana, tsamurmuri, mai jan gemu na lalle. Ya ce shi ba zai bi ta Sonipat ba ko nawa za a ba shi. Zai yi gabas, ya tsallake kogin Yamuna ya shiga jihar Uttar Pradesh, sannan ya gangara kudu ta Shamli da Baraut da Baghpat ya faɗa Delhi ta Loni. Kuɗin da ya yanka ya ninka na kullum sau da yawa. Ban yi ciniki ba.

Mun fita bayan sallar asuba ranar Litinin, hazo ya rufe gonaki. Alkama kore shar, ganyen mastad ya yi fure rawaya har iyakar gani. Ba mu yi nisa ba muka ci karo da shinge. An sare bishiyoyin turare na gefen hanya an gindaya, an jera tarakta da tirelolinsu, taya na hayaƙi a gefe. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne natsuwar wurin. An fito da gadajen igiya an ajiye a tsakiyar kwalta, dattawa masu farin rawani suna zaune suna zagaya shisha irin tasu ta ƙauye mai dogon bututu. Can gefe mata sun ja mayafi har haɓa suna gasa gurasa a kan murhun kashin shanu. Samari ne kawai ke tsaye, kowa da gora, ɗaya da gatari a kafaɗa.

Direba ya kashe mota tun daga nesa, ya ce kada in fito, kada kuma in ɗaga waya. Ya taka a hankali ya nufi dattijon da ya fi kowa tsufa, ya haɗa hannuwa ya ce, "Ram Ram, Tau." Haka ake kiran dattijo a can, wato wan uba. Na ga yana nuna mota yana magana. Can sai ga samari sun zagaye ni suna leƙe ta gilashi, wani ya ƙwanƙwasa. Na sauke. Aka ce Tau na kira.

Aka matsa mini wuri a bakin gado. Kafin a ce komai an miƙo mini madarar ɓauna mai zafi a kofin ƙarfe, mai kauri, da sukari kamar za ta kama harshe. Dattijon ya yi tambaya, wani saurayi mai rigar sanyi ta makaranta ya fassara da Turanci: daga ina, me ake nomawa a ƙasarmu, nawa ake sayar da saniya. Da na ce gero da dawa da gyaɗa, ya gyaɗa kai, ya ce su ma suna noma gero da damina. Sai na samu ƙarfin halin tambayar saurayin, su da suke da wannan ƙasa mai albarka, me za su yi da aikin gwamnati?

Bai fassara wa dattijon ba, shi ya amsa da kansa. Ya ce kakansa gona ɗaya gare shi babba, ya haifi maza huɗu aka raba. Ubansa ya haifi uku. Abin da zai zo hannunsa ba zai ciyar da ɓauna biyu ba. Damina biyu a jere, 2014 da 2015, ruwa bai wadata ba, farin ƙwaro ya cinye audugar 'yan'uwansu na yammacin jihar, farashin shinkafar basmati ya faɗi, ruwan rijiyar burtsatse kullum ƙara nisa yake. Shi ya yi digiri, ya rubuta jarrabawar shiga aikin ɗan sanda da ta malanta da ta jirgin ƙasa. Ya ce ɗan maƙwabcinsu wanda ubansa ke yi musu aikin gona, makinsa bai kai nasa ba, amma yanzu yana da kujera da albashi da fansho. Ya ƙara da wata magana da ta sa sauran samarin dariya, shi kuwa bai yi ba: wanda ba shi da aikin gwamnati ba ya samun mata. A ƙidayar 2011 mata 879 ne ga kowane maza 1,000 a Haryana, uban yarinya kuwa zaɓe yake.

Na ce to gobarar Rohtak fa? Ya ce ba su ba ne, 'yan iska ne daga waje, kuma yawancin waɗanda harsashi ya kashe 'ya'yan Jat ne. Na yi shiru, don ba wurin gardama ba ne, ga mai gatari a bayana. Dattijon ya yi wata magana gajeriya, aka ja tirela ɗaya baya daidai faɗin mota. Na ciro kuɗi don madarar, saurayin ya ture hannuna da ɗan fushi, ya ce su ba masu sayar da madara ga baƙo ba ne.

Muna hawa gadar Yamuna direba ya sauke ajiyar zuciya ya kunna rediyo. Kairana gari ne mai yawan Musulmi, muka tsaya ya leƙa gidansu, na yi alwala a wani ƙaramin masallaci. Daga nan har Baghpat ƙasar rake ce, amalanken ɓauna da tarakta maƙare da rake suna layi a ƙofar masana'antun sukari, a gefen hanya kuma ana dafa mazarƙwaila a manyan faranta, ƙamshinta ya cika mota. Nan ma ƙasar Jat ce. Direban ya nuna mini wasu bukkoki da gidajen bulo marasa filasta a bayan gari, ya ce mutanen da suka gudo daga ƙauyukansu ne a rikicin Muzaffarnagar na 2013 tsakanin Jat da Musulmi, wanda ya ci rai sama da 60. Na tambaye shi yadda ya iya tsayawa gaban dattijon nan yana kiransa wan uba. Ya ce shekara nawa suna sayen raken juna, kuma mai mota ba ya zaɓen wanda zai gaisar.

Mun shiga Delhi da la'asar, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ta babbar hanya ta cinye mana yini. Ashe boren ya riga mu isa. Masu zanga-zanga sun kame magudanar Munak, wadda ke kawo ruwan Yamuna daga Haryana zuwa matatun ruwan birnin, suka rufe ƙofofinta suka fasa wani sashe a yankin Sonipat. Fiye da rabin ruwan famfon Delhi ta nan yake zuwa. Sama da mutum miliyan 10 suka wayi gari famfo a bushe, gwamnatin birnin ta Arvind Kejriwal ta rufe makarantu a ranar. Soja sun ƙwato magudanar da safiyar Litinin ɗin, amma gyara ya ɗauki kwanaki. A unguwar da na sauka, duk inda tankar ruwa ta tsaya sai ka ga mata da yara sun yi mata caa da bokiti da jarka, wasu sun hau samanta sun zura tiyo. Yaron masauki ya kawo mini bokiti ɗaya ya ce shi ne na wanka da alwala har gobe. Wani Bakano da na haɗu da shi a wurin cin abinci, ya kawo mahaifinsa asibiti a Gurgaon da ke gefen Delhi, ya ce shi bai ma san ana wani rikici ba sai da ya ga farashin ruwan gora ya tashi. A Gurgaon ɗin da Manesar kamfanin motoci na Maruti Suzuki sai da ya dakatar da aiki saboda kayan haɗi sun maƙale a hanya.

Kimanin mutum 30 suka mutu a kwanakin nan. Wata ƙungiyar masu masana'antu ta ƙiyasta asarar da rupi biliyan 340.

Na daɗe ina juya maganar saurayin nan. Ban ga ƙarya a kukansa ba, amma ban yarda da inda ya kai ƙarar ba. An yi kason ne don wanda aka hana kakansa shiga makaranta da taɓa rijiya, ba don wanda gonar kakansa ta ƙanƙance ba. In aka zuba Jat cikin kashi 27, da iliminsu da kuɗinsu da mutanensu a ofisoshi, ɗan maginin tukwane da ɗan wanzami da ɗan makiyayi ne za su koma gefe. Kuma ko an ba su duka, guraben nawa ne? A 2015 jihar Uttar Pradesh ta tallata guraben masinja 368, mutum miliyan 2.3 suka nema, cikinsu har da masu digirin digirgir 255. Ba Jat kaɗai ba ne kuma. Gujjar na Rajasthan sun zauna a kan titin jirgin Delhi zuwa Mumbai a 2008, bayan boren 2007, aka rasa rayuka da dama. Patel na Gujarat, waɗanda suka yi suna da kasuwanci har a Amurka da Ingila, sun cika Ahmedabad ranar 25 ga Agustan 2015 a bayan Hardik Patel, yaro ɗan shekara 22. Makonni uku kafin tafiyata, mutanen Kapu sun ƙone jirgin ƙasa a Tuni ta jihar Andhra Pradesh. Dukkansu masu ƙasa ne, masu yawan ƙuri'a, waɗanda noma ya daina riƙe 'ya'yansu.

Ɗan Arewa ba baƙo ba ne a wannan muhawara. Tun tsarin mulkin 1979 muke da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, kuma a shiga jami'o'in tarayya akwai kashi 20 da aka ware wa jihohin da ke baya a ilimi, yawancinsu namu. Mun sha gori a kai, mun kuma san cewa sau da yawa ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja ne ke cin gurbin, ba ɗan manomin da aka yi dokar dominsa ba. Indiya aƙalla ta rubuta a doka cewa ɗan mai hali ya fita daga layin.

Ranar 29 ga Maris na 2016 majalisar Haryana ta zartar da dokar da ta ba Jat da wasu al'ummomi biyar kashi 10 a makarantu da ƙananan ayyukan gwamnati, a wani rukuni na dabam don kada a taɓa na OBC. Ba ta yi wata biyu cikakku ba Babbar Kotun Punjab da Haryana ta dakatar da ita a watan Mayu. Kwamitin bincike na tsohon shugaban 'yan sanda Prakash Singh ya samu jami'ai kusan 90 da laifin sakaci, wasu sun bar wuraren aikinsu, wasu sun tsaya kallo ana ƙone-ƙone. Kayana kuwa sun makara sosai kafin su bar Panipat, domin ma'aikatan Bihar da yawa sun tsere gida da aka buɗe hanya, ba su dawo ba sai bayan bikin Holi na mabiya addinin Hindu, a watan Maris. Bargunan sun iso Kano ana tsakiyar zafi, sai da suka kwana a sito har hunturu.